Bin sawun uwar murzuna: littafin aikin damina ɗaya

14 ga Mayu, 2022

Na buɗe wannan littafi ne domin in rubuta abin da zan gani da idona game da ƙwaron da ke haifar murzuna, wato tsutsar da ke cin zangarniyar gero, tun daga inda yake kwana da rani har zuwa lokacin da zai koma ƙasa da kaka. A ƙauyenmu, kudu da Tasawa cikin jihar Maraɗi, babu manomin da bai san tsutsar ba, amma da na yi tambaya a majalisar ƙofar maigari ban sami wanda zai iya nuna mini uwarta ba, alhali kuwa ita ce ke yanke wa gona hukunci makonni kafin a ga ɓarna.

Abin da masana suka tabbatar shi ne, uwar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, daga dangin da ake kira Noctuidae, sunanta na kimiyya kuma Heliocheilus albipunctella. Wani masanin ƙwari Bafaranshe, Joseph de Joannis, shi ya fara siffanta ta a 1925, kuma a tsofaffin rahotannin aikin gona za a tarar da ita da sunan Raghuva albipunctella, saboda haka mai bincike sai ya nemi sunayen biyu. Ba ta zama abin damuwa sosai ba sai bayan farin da ya auka wa yankin Sahel tsakanin 1972 da 1974. Daga nan ne aka fara kuka da ita tun daga Senegal har Sudan. Haihuwa ɗaya take yi a shekara. Sauran watannin duka tana ƙarƙashin ƙasa, a ƙulle cikin kwanso, ba ci ba sha.

Da wannan bayani na fara aiki yau. Na ɗauki kwasa da rariya na tafi gonar da aka fi yi wa ɓarna bara, na riƙa tona kusa da tsofaffin gindayen gero ina tankaɗe yashin. Kwanson ja-ja ne mai duhu, yana da santsi, tsawonsa ya ɗan wuce santimita ɗaya, kuma yawancin waɗanda na samu suna tsakanin zurfin santimita 5 zuwa 15. Mai rai yana da nauyi a tafin hannu, idan aka ɗan matsa shi sai bayansa ya motsa. Wanda ya mutu kuwa fanko ne, yana murƙushewa tsakanin yatsu. Na zuba masu ran a cikin tsohuwar tukunya da na huda gindinta, na rufe su da yashin gonar daidai zurfin da na same su, na ɗaure bakin da yankin gidan sauro, na ajiye a fili inda ruwan sama zai same ta.

22 ga Yuni

An yi ruwan shuka shekaranjiya, gari duka yana gona. Waɗanda suka yi binne tun farkon wata geronsu ya riga ya tsiro da yayyafin da aka samu a baya, kuma gonakinsu ne zan fi sa wa ido, domin su za su fara fid da kai. Tukunya ta jiƙe sarai. An ce uwar murzuna tana fara fitowa kimanin wata ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi na farko, don haka ba na sa ran ganin komai yanzu.

Na haɗa tarkon fitila a bakin gona: farin ƙyalle da aka shimfiɗa a tsaye tsakanin sanduna biyu, fitilar sola a rataye a gabansa, da kwano a ƙasa.

17 ga Yuli

Ƙyallen yana cika kowane dare, amma wadda nake nema ba ta zo ba tukuna. Jiran bai tafi a banza ba, domin ya ba ni damar sanin waɗanda za a iya ɗauka a madadinta, kuma a ganina rabin aikin gane ƙwaro shi ne sanin maƙwabtansa.

'Yan dangin Noctuidae suna da kama ɗaya da ido ke saurin sabawa da ita: jiki kakkaura mai gashi, fukafukan gaba masu launin ƙasa ko toka, waɗanda suke rufe na baya idan ƙwaron ya sauka, sannan idanunsu suna ƙyalli ja-ja idan hasken tocila ya bugi fuskarsu. Biyu daga cikinsu suna zuwa a kai a kai. Na farko shi ne Helicoverpa armigera, uwar tsutsar da ke huda tumatir da ƙwallon auduga, wadda dangantakarta da uwar murzuna ta kusa ce ƙwarai. Idan aka buɗe fukafukanta faɗinsu yana kaiwa milimita 35 zuwa 40, kuma fiffiken baya fari-fari ne da faffaɗan baƙin baki. Na biyu shi ne Spodoptera frugiperda, uwar tsutsar masara da ta zo daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Najeriya. Namijinta yana da farin tabo kusa da ƙarshen fiffiken gaba, fiffiken baya kuma fari ne tas da siririn baki mai duhu. Dukansu biyu sun fi wadda nake nema girma nesa ba kusa ba, saboda haka rula kaɗai ta isa ta raba gardama.

Wanda ya fi rikita yaran da ke taya ni tsaron tarko shi ne Coniesta ignefusalis, uwar tsutsar da ke shiga cikin karan gero, domin girmanta ya yi kusa. Amma ita ba 'yar wannan dangi ba ce: siririya ce, launinta ruwan zinariya, tana naɗe fukafukanta a jiki, kuma bakinta yana da tsini a gaba. Tsutsarta a cikin busasshen kara take yin rani, a darni da rumfa da jinka, ba a ƙasa ba.

3 ga Agusta

Da asuba na tarar da ƙwari biyu a manne da gidan sauron da ke bakin tukunya. Wannan ita ce hujjar da nake jira, domin na san daga wane kwanso suka fito, kuma na san gonar da aka tono shi.

Dukansu mata ne. Na sa ɗaya a kwalba har ta mutu, na shimfiɗa fukafukanta a kan kwali na danne da siraran takardu da allurai, na auna: milimita 25 daga wannan baki zuwa wancan, wanda ya faɗa cikin 23 zuwa 27 da aka sani ga wannan nau'i. Fiffiken gaba ja-ja ne mai launin jar ƙasa, kuma kusa da bakinsa akwai jerin ƙananan fararen ɗigo da suka bi lanƙwasar fiffiken. Sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai, kuma suna gogewa idan aka kama ƙwaron da yatsa, domin ƙurar da ke jikin fiffike ita ce launin. Fiffiken baya ya fi haske, da duhu-duhu a gefe. Jikin gajere ne kakkaura, gashin kanta biyu sirara ne marasa rassa.

A daren jiya ma irinsu sun fara sauka a ƙyallen tarko. Gonakin binne sun fara fid da kai a wannan makon. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a lokaci ɗaya ita ce dukan sirrin wannan ƙwaro: ruwan da ya tada iri shi ya tada kwanso, sai uwar ta fito daidai lokacin da zangarniya ke leƙowa daga cikin ganye.

7 ga Agusta

Namijin ya fi macen sauƙin ganewa, kuma duk wanda ya gan shi sau ɗaya ba zai sake rikita shi da wani ba. Ya fi ta haske, sannan gefen gaba na fiffikensa ya kumbura ya yi kauri wajen tsakiya, a bayan kumburin kuma akwai wuri garai-garai mara ƙura, wanda idan aka ɗaga fiffiken ga fitila haske ke ratsawa. Babu ko ɗaya daga cikin sauran ƙwarin da ke zuwa tarkona mai wannan taga.

Amfaninta na gano shi ne a gona, ba a kan kwali ba. Bayan isha'i na kashe tocila na tsaya a gefen wata gonar binne, inda ciyawa ta haɗu da gero. Da kunne ya saba da kukan gyare da na kwaɗi, sai na fara jin wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, zzz, tana ɗaukewa tana dawowa. Da na haska da jan ƙyalle a bakin tocila, sai ga maza suna shawagi a ƙananan da'irori dab da ganye, kowane yana riƙe da wurinsa, ƙarar kuwa daga fukafukansu take fita. A wurin yawancin 'yan wannan dangi mace ce ke sakin ƙamshi namiji ya bi iska ya same ta. A nan maza ne ke taruwa suna kiɗa da fiffike, mata su zo. Wannan al'ada tana da sakamako ga mai sa ido a gona: tarkon ƙamshi, wanda ke aiki sosai ga tsutsar masara da ta kara, ba shi ne abin dogara ga murzuna ba, fitila da ido da kunne su ne kayan aikin.

Mai gonar, dattijo ne da ya haura saba'in, ya fito ya same ni domin ya ga haske a cikin geronsa. Da na nuna masa, sai ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Malam, ai wannan ƙara na sha jin ta in na zo korar dabbobi da dare, na ɗauka sauro ne manya." Na ce, "Baba, ranar da ka fara jin ta, ka fara duba kan geronka." Ya ce zai gaya wa 'ya'yansa, ko da yake na lura bai gamsu cewa abu ƙarami haka zai iya rage masa damma ba.

12 ga Agusta

Ƙwai. Mace ɗaya tana iya zuba kusan 400 a 'yan kwanakin da take raye, kuma tana zaɓen zangarniyar da ta fito sabuwa, wadda ba ta yi bununi ba tukuna. Wadda ta riga ta fara ƙwaya ba ta cika kula ta ba. Na bi layi ina lanƙwaso kawunan a hankali ina buɗa tsakanin furanni da tsinke. Ƙwan bai kai milimita ɗaya ba, fari ne mai ɗan rawaya, a manne da gashin furen ko gindinsa, wani guda ɗaya, wani a tare da 'yan uwansa, kuma mafi yawa suna wajen tsinin zangarniya, ba wajen gindi ba. Wanda ya kusa ƙyanƙyashewa yana yin duhu. Kwana uku zuwa biyar yake ɗauka.

Wanda ya san wannan zai iya duba gona guda kafin rana ta yi zafi, ba tare da gilashi ba, muddin idonsa lafiya. Na sanar da malamin gona abin da na gani, ya ce zai nemi jakunkunan zanzaro, wato jakunkunan da ake kiwon wani ɗan ƙwaro mai kashe tsutsar a cikinsu.

20 ga Agusta

Tsutsotsi sun fito. A wannan mataki ba su fi ƙwayar shinkafa tsawo ba, suna shiga cikin furanni suna cinye cikinsu, kuma daga waje zangarniya lafiya lau take, sai dai wani farin gari-gari na kashinsu da ke maƙale a jiki idan an duba da kyau. Manomi mai wucewa da hauya a kafaɗa ba zai ga komai ba.

Jakunkuna sun iso yau. Dabarar ta fito ne daga aikin da masu binciken INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, a Maraɗi da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso suka faro a 2006 da tallafin gidauniyar McKnight, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Sadore kusa da Yamai kuma ta ci gaba da inganta ta tare da su. Makamin wani ɗan zanzaro ne mai suna Habrobracon hebetor, wanda bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma ɗan ƙasa ne, ba daga waje aka kawo shi ba. Macen tana harbin tsutsa ta shanye mata jiki, ta zuba ƙwai a kanta, 'ya'yan su tsotse ta, su saƙa ƙananan fararen kwansuna a gefenta, cikin kimanin kwana goma sabbin zanzaro su fito. Matsalarsa ita ce da rani yawansa yana raguwa ƙwarai, tunda abincinsa ya shige ƙasa, don haka idan aka bar shi da kansa ba ya yawaita sai ƙarshen damina, bayan murzuna ta gama aikinta. Jakar hanya ce ta ba shi fifiko tun da wuri.

'Yar jakar algarara ce, a cikinta akwai tsabar gero da gari, da tsutsotsi 25 na wani ƙwaron rumbu mai suna Corcyra cephalonica, da zanzaro mata biyu da suka riga suka sadu da namiji. Suna hayayyafa a ciki, 'ya'yan su riƙa fita ta ramukan saƙar buhun suna bazuwa gonaki. Jaka 15 ake ba ƙauye, a raba uku-uku: tsakiya, gabas, yamma, kudu da arewa. Mun rataye namu a ƙarƙashin jinkar rumbuna da rassan gawo, inda ruwa ba zai doke su kai tsaye ba, kuma mun shafa toka da man juye a igiyar saboda tururuwa.

Wani saurayi ya tambayi malamin gona dalilin da ba za a yi feshi kawai a huta ba. Amsar da ya ba shi ita ce tawa ma. Tsutsar a ɓoye take tsakanin furanni, magani ba ya kai mata da kyau. Gero ya fi mutum tsawo, mai feshi kansa yake yi wa wanka. Kuɗin maganin hekta guda ya fi ƙarfin yawancin masu gonar. Sannan feshin zai kashe zanzaron da muka rataya.

4 ga Satumba

Yanzu kowa yana ganin murzuna, kuma yanzu ne ake ta zuwa wurina da zangarniya a hannu. Tsutsar da ta girma ta bar cin fure ɗaya-ɗaya, ta koma gindin furannin, dab da sandar tsakiya, tana yanke ƙananan wuyan da ke riƙe da su tana ci gaba. Furannin da aka yanke suna ɗagowa su bushe, sai hanyar ta fito fili tana zagaya zangarniya kamar naɗin rawani. Idan aka girgiza kan, busassun furanni su zubo, a bar sanda tsirara a wurin. Tsutsa ɗaya tana iya yin hanya mai tsawon ɗan yatsa ko fiye, kuma a zangarniyar da huɗu ko biyar suka haɗu hanyoyin suna cin juna har ba a rarrabe su. A shekarar da ta yi muni, asarar da aka auna a wasu gonakin Sahel ta kai kashi 85 cikin ɗari.

Babbar tsutsar gajera ce kakkaura, milimita 20 zuwa 25, launinta daga rawaya-rawaya zuwa kore-kore, da layuka masu haske a tsawon jiki, kuma tana komawa ja-ja idan ta kusa sauka. Ana raba ta da tsutsar masara cikin sauƙi, domin waccan tana da alamar Y a juye a goshinta da baƙaƙen ɗigo huɗu a murabba'i kusa da wutsiya, wannan kuwa ba ta da su.

A gonakin da ke kusa da rumbunan da muka rataya jaka na fara samun abin da nake fata: tsutsa a kwance cikin hanyarta, ta yi laushi ta yi baƙi, da 'yan fararen kwansuna a jere kusa da ita. Hanyar irin wannan tsutsa gajera ce, domin tun ranar da aka harbe ta ta daina ci. A gonakin binne da suka fara fid da kai kuwa hanyoyin sun riga sun yi tsawo kafin zanzaro ya yawaita. Da jakunkunan sun iso a makon da na fara ganin ƙwai, lokacin fitowar 'ya'yan zanzaro zai yi daidai da girman tsutsotsin farko. Shi ya sa nake ganin sanin uwar ya fi sanin tsutsar amfani: wanda ya jira sai ya ga hanya a zangarniya, ya ba ƙwaron wata guda kyauta.

19 ga Satumba

An fara girbi. Hanyoyin da nake buɗawa yanzu yawancinsu babu kowa a ciki, domin tsutsar tana gama girma cikin kimanin wata ɗaya, ta sauka ƙasa, ta nutse cikin yashi tun yana da danshi. Tarkon fitila ya daina kama uwar tun ƙarshen Agusta. Maiwar da ke fadamar yamma, wadda sai yanzu take shirin fid da kai, ba ta da ko hanya ɗaya. Ta tsira ne kawai domin lokacinta bai haɗu da na ƙwaron ba. Na kuma lura cewa zangarniya mai cunkoson ƙwaya da dogon gashi ta fi mai sako-sako tsira, ko da a gona ɗaya suke.

10 ga Oktoba

Na sake tona a gonar dattijon nan da kuma wata da ke dab da rumbunan jaka. Sabbin kwansuna suna nan a duka biyun, amma a ta biyu sai na tankaɗe yashi mai yawa kafin in sami ɗaya. Gona biyu ba su isa a gina hukunci a kansu ba, saboda haka baɗi zan auna murabba'in mita ɗaya-ɗaya a gonaki da dama, kusa da nesa da jaka, in rubuta adadin.

An kawo shawarar a yi huɗa bayan girbi domin a fito da kwansuna rana da tsuntsaye su gama da su. Dabarar tana rage su, amma a jigawa irin tamu wanda ya buɗe ƙasa da kaka ya miƙa ta ga iskar hunturu, kuma ban ga ribar a kashe kwanso a rasa ƙasar gona ba. Na fi goyon bayan a bar kara a kwance, a mai da hankali ga lokacin sakin zanzaro.

Saura tabbatar da suna. Girma, fararen ɗigo, tagar fiffiken namiji, ƙarar dare da hanyar da ke zangarniya duk sun nuna Heliocheilus albipunctella, amma jinsin Heliocheilus yana da wasu nau'o'i a Afirka masu kama da juna, kuma masana ba sa yanke hukunci na ƙarshe sai sun buɗe al'aurar namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na shirya maza da mata a akwatin kwali, kowane da takardar da ke ɗauke da wuri da ranar kamu, na sa ƙwayar kafur saboda tururuwa, malamin gona zai kai su ɗakin binciken ƙwari na INRAN a Maraɗi idan zai shiga birni. Tukunya kuma na sake cika ta da kwansunan bana, kuma maigari ya amince a kafa tarkon fitila na biyu a arewacin gari tun daga tsakiyar Yuli, domin a nemi jakunkuna a daren da namiji na farko ya sauka a ƙyalle.